Kwalekwalen Jatau

Sagir ya dawo daga Bahar Maliya
fuska a ƙone, sai farin zobe kewaye da idanu
inda tabaran ruwa ya zauna.
Ya same ni a Kabala, bakin kogi,
ina ƙirga lodin yashi da tsakuwa a aljihu.

Kawu, in ji shi, duba.
Kwana bakwai a jirgi, can ci, can barci,
can neman alƙibla in igiyar ruwa ta juya mu.
Da hantsi mu goya tulun iska kamar jariri,
mu faɗa ta baya.

Na karɓi wayar da jiƙaƙƙen hannu.
Shuɗi, irin wanda marina ba ta taɓa haifa ba.
Ga jirgi kwance kan haƙarƙari
kamar saniyar da ta ƙoshi,
murjani ya yi wa ƙarfe gemu,
wani kifi mai kumburin baki
ya gaje kujerar matuƙi, ba gardama.
Har butar shayi, murfinta a rufe,
kamar mai ita ya ce ina zuwa.

Na ce madalla.
Ban ce masa ni ma ina da jirgi ba,
sai da la'asar ta sakaliya.

Shekara talatin da ɗaya ina nutso.
Tuluna huhu ne, wanda Allah ya ba ni,
da bokitin ƙarfe mai huji a gindi.
Ruwan Kaduna kunun kanwa ne,
ba ya nuna wa kowa komai.
Ido a rufe muke sauka,
tafin hannu shi ne fitila.

Ƙasa da gadar jirgin ƙasa, daidai wani dutse mai tsaga,
nan kwalekwalen Jatau yake.
Daminar da ruwa ya ci gonakin masara
aka yi masa haihuwa, ragon suna bai samu ba.
Ya ƙara bokiti goma kan lodi.
Na ce Jatau, ya isa.
Ya yi dariya, ya nuna rubutun gefen jirginsa:
Sannu ba ta hana zuwa.

Kwana biyu muka neme shi.
Ni na taɓa ƙafarsa, can wajen Nasarawa,
cikin saiwar wani ɓaure.
Shi mun kai shi makwanci.
Jirgin, kogi ya ce nasa ne.

Duk rani nakan sauka in gaishe shi.
Na san facin gwangwanin madara a hancinsa,
na san ƙusar da ta lanƙwashe
ya zage ta, ya bar ta haka.
Tarwaɗa ce ke haya a ciki yanzu.
Bara kamu huɗu na katako ke waje,
bana biyu.
Yashin da muke ɗiba, shi ke binne shi.

Sagir ya yi shiru, ya kife wayar a cinya.
Ina da fitilar ruwa, Kawu.
Na ce bar ta a gida, kada laka ta yi maka dariya.

Washegari, kafin tifa ta farko,
na riƙe wuyan hannunsa muka sauka,
kamar ranar da na fara kai shi makarantar boko.
Sanyi, duhu, ruwa na jan wando.
Na ɗora tafinsa kan katakon.
Na ji yatsunsa suna karatu.

Da muka ɓullo yana haki, yana tofar da kogi,
jini kaɗan a ɗan yatsa.
Ƙusar ce, in ji shi.
Na ce ita ce.

Yaron da aka raɗa wa suna ba rago
yana tsaye a gaɓa da shebur,
ya zama ƙato, yana kiran mu,
wai direba na sauri.