Billen Iya Hansai

Kuɗin riɗina na bana
na kai Gujungu ran kasuwa,
na dawo da waya ta hannu,
gilashinta da tsagu a kusurwa
amma idonta garau.
Na ɗauki zalɓe tsaye da ƙafa guda a fadama.
Na ɗauki Tasi'u yana jan koma,
rana a bayansa,
ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Ilu mai caji ya ce, "Gyara suke so.
Ɗanyen hoto ai miya ce ba gishiri."
Ya baje mini manhajoji a kan benci
kamar mai tallan atamfa.

Ta farko kyauta ce, in ji shi,
kyauta mai jela:
kafin in haska fuska ɗaya
talla uku sun lashe datar ɗari biyar,
in na gama kuma ta danna tambarinta
a kan wuyan zalɓena,
sai ka ce ita ta shiga taɓo har gwiwa ta ɗauko.

Wata kuwa ta iya aiki, ba ƙarya,
sai dai da dala take magana,
duk wata, kamar mai gidan haya.
Na auna da gero: tiya huɗu.
Na ninka sau goma sha biyu, na ja bakina na yi shiru.
Katina ma ƙin karɓa ta yi,
ta hutar da ni.

Ilu ya rage murya: akwai wadda aka ɓalle wa kwaɗo.
Kwana biyu wayata na zafi kamar tanda,
lambobin mutane suka bi ruwa.
Araha dai ba ta ado.

Wadda ta ba ni kunya ita ce mai maɓalli ɗaya.
Iya Hansai na bakin ƙofa tana tsintar wake,
na ɗauka, na danna.
Fuska ta yi sumul, ta yi fari tas.
Tamojin shekara saba'in ya tafi,
har billen da wanzami ya sa mata ran suna
manhaja ta ɗauka datti ne, ta goge.
Na miƙa mata ina washe baki.
Ta matso da shi kusa, ta janye nesa.
"'Yar wace ce?" ta ce.
"Ka gaishe ta. Ba ta gidan nan ba ce."
Ta koma kan wakenta.

Daren nan na share su duka.

Yanzu wata 'yar ƙarama nake riƙe da ita,
mega ashirin, ba ruwanta da sabis,
na biya sau ɗaya, kuɗin kifi biyu.
Ba ta san komai ba
in ban da datse gefe, da ƙara haske,
da miƙar da bakin ruwa in hannuna ya karkace.
Da ita na ciro Tasi'u daga duhu
har da wushiryarsa.

Na Iya kuwa ban taɓa ba.
Na kai Haɗeja aka wanko,
bille na nan daram a kumatun hagu.
Ta shafa shi da ɗan yatsa,
ta soke hoton a bayan kwanukan jerenta,
ta ce in je in kora awaki,
sun shiga rama.