Biyu da Ɗigo Bakwai

A kafen Nahantsi, bayan Gawon Nama,
fanka na juya zafi, ba ta korarsa.
Na buɗe fom ɗin digiri na biyu,
na cike suna, na cike gari,
sai ga wani ɗan gurbi, bai kai ƙwayar gujiya ba,
wai in zuba shekara huɗu a ciki.

Biyu da ɗigo bakwai.

Gurbin bai tambayi abin da ya cinye sauran ba.
Bai san shekarar da ƙafar Baba ta ƙi taka ƙasa ba,
fadamar Kwalkwalawa ta dawo wuyana.
Da asuba ina ban ruwa,
da hantsi ina Dundaye, bencin baya, laka a diddige,
malami na zana sinadaran ƙasa a allo,
ni kuwa ga ƙasar nan cikin farcena,
barci na fizgata kamar mai bina bashi.

An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.
To, makina ma bai yi halin gumina ba.

Jiya na je wurin Dakta Inno neman takardar shaida,
na yi sallama sau biyu, murya na rawa.
Ta sauke tabarau, ta daɗe tana dubana:
"Kai ne mai gyangyaɗi, mai warin albasa?
Kai ka ƙirga buhun da ke ruɓewa a rumfa
tun daga girbi har faɗuwar damina,
gona goma sha tara, da ƙafa?
Kundinka na nan. Na ɗalibai nawa na zubar."
Ta rubuta shafi guda, ta liƙe,
ba ta ce mini za a ɗauke ni ba.

Na san akwai masu huɗu da ɗoriya a layin,
Allah Ya ƙara musu, ba da su nake ba.
Tambaya ce gare ni wadda ba ta barina barci:
me ke shiga albasarmu daga ciki
alhali bayanta lafiya lau?

Kuɗin fom buhu guda ne, na Baba,
bai ko tambayi canji ba.

Nahantsi ya leƙo: "Malam, saura minti ukku.
A ƙara lokaci, ko a tura?"

Na sake duban lambar. Ba ta girma ba.
Na share tafina a riga.

Na ce, "Tura."