Gambar Iyaka

Bara, kwana tara bayan ɗaure gero,
wuta ta taso mana daga dajin gabas, ta wajen Tureta.
Wasu sun ce yara ne masu farautar gafiya,
wasu sun ce mai ɗiban zuma ne ya yar da bakin wuta.
Rumbu huɗu ta ci, da harawar Arzika kaf,
da jakin Buda a ɗaure a turke,
wanda har yau in na rufe ido ina jin kukansa.

Bana, tun ruwa bai gama ɗaukewa ba,
Inna Hajo ta tura jikanta gida-gida:
a haɗu gindin tsamiya bayan la'asar.
Ita ce ta ci tuwon maƙwabta har damina ta faɗi,
don haka da ta buɗe baki, ko tari ba a yi ba.
Ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya.
Wagga wuta ba ta tambayi sunan kowa ba."

Aka yanke: a share fili kewaye da gari,
faɗin taki ashirin, har ƙasa ta fito tsirara.
Duro shida a cika da ruwa, a rufe da buhu.
Tsohon wilin mota a rataye a reshe,
duk wanda ya ga hayaƙi ya daka masa ƙarfe.
Jaɗi daga ruga ya ɗaga wayarsa,
ya ce su ke fara jin ƙauri, zai kira ladan.

Sai Buda ya ja layi da sanda a ƙasa,
layin ya bi ta kan gambar iyaka,
tsakanin gonata da ta Nomau.

Shekara bakwai ba mu gaisa ba.
Ko a jana'iza, sai dai mu ɗauki makara ta gefe biyu.
Gambar nan ta fi mutum tsawo,
ba mai kai mata lauje,
kada ɗayan ya ce an ci masa taki.
Ta nan wutar bara ta shigo.
Kowa ya sani. Ba wanda ya faɗa.

Ranar gayya mata suka kawo fura a masaki.
Galma, manjagara, tsintsiyar kaba.
Na kama gamba daga kudu,
Nomau ya kama daga arewa,
ina jin numfashinsa yana matsowa,
ƙaiƙayi na cin wuyana.
Da muka haɗu a tsakiya
ya dubi hannuna, bai dubi fuskata ba,
ya ce, "Laujenka ya dakushe,"
ya miƙo mini dutsen washi.

Mun bar tushen a ƙasa, iyaka na nan inda take.
Dami goma sha ɗaya muka ɗaure,
aka kai ƙofar Inna Hajo
don jinkar sabon rumbunta.

Yanzu ana gadi bi da bi.
Ban san wanda ya haɗa ni da Nomau daren Talata ba,
amma na ga tsohuwar tana kallon ƙasa tana murmushi.
Mukan zauna kan jigawa, ɗanyen reshen dogonyaro a gefe,
goro ɗaya a raba biyu.

Shekaranjiya gabas ta yi ja.
Na zabura, na daki wili har hannuna ya yi tsami,
gari ya fito da bokiti, wasu ba takalmi.
Ashe wata ne ke fitowa a bayan giginya.
An yi mini dariya har rijiya.
Nomau bai yi ba.
Ya ce shi ma ya miƙe, na dai riga shi kai wa ƙarfen.

Maganar iyaka ba mu taɓa ta ba tukuna.
Gamba za ta sake tohowa da ruwan fari.