Shuɗin da Ya Kwana a Gwangwani

A Paysandú, a ƙuryar gareji,
inda kogi ke turo danshinsa ta ƙarƙashin ƙofa,
na ɓamɓare murfin da bakin sukundireba.
Ya yi ƙara kamar wanda aka tasa bai gama barci ba.

Rubutun babana ne a jikin gwangwanin,
da fensir, a karkace:
Shuɗin Techeira, Maris, tamanin da tara.
Fenti biyu, tina ɗaya. Ban da gaggawa.

Sama tsararo ne, launin shayi.
Ƙasa ya daskare kamar kwantan tuwo.
Na sa sanda na tuƙa,
na tuƙa har kafaɗata ta fara ƙorafi,
sannan shuɗin ya taso a hankali
ya dube ni.

To, amma wace tina?
Tasa ta ƙare tun kafin kwanansa ya ƙare.

Na kai fankon galan shagon Yamandú.
Ya juya shi, ya karanta, ya girgiza kai.
Ya ce, "Nélida, an daina yin wannan
tun kina 'yar firamare."
Ya jero mini kwalabe uku a kan kanta:
mai saurin bushewa, mai nawa,
da wata da shi ma bai yarda da ita ba.
Da babu gara ba daɗi. Na biya.

Wadda bai yarda da ita ba na fara ɗigawa.
Kafin in ƙirga goma fentin ya tsinke,
ya yi gudaji kamar madarar da ta ji lemun tsami.
Jininsu bai haɗu ba.

Mai saurin ta shige lafiya.
Na tace da tsohuwar safar nailan,
na fesa a bonet ɗin wata mota da ta riga mu hutawa.
Tun a iska ya bushe,
ya sauka da kaushi, ɓawon lemu sak.
Mai nawar ta kwanta sumul har na fara murmushi,
sai ga hawaye biyu suna gangarowa,
da safe kuma sanyin Yuni ya shafa mata fari a fuska.

Kwana tara.
Gwangwani ba rijiya ba ne.
Na bar gwaji da cokali, na koma ɗigo.
Na haɗa biyun, kashi uku da kashi ɗaya,
na jira rana ta ɗumama kwanon rufi,
na ɗaga sanda ina kallon zaren fenti yana zuba
har ya tsinke da kansa.
Baba bai taɓa ƙirgawa ba, kunne yake sawa.
Ni sha takwas na ƙirga.

Shafi uku na yi wa ƙofar. Ta karɓa.

Ran Asabar Ulises Techeira ya zo,
fulas a hammata, ƙoƙon mate a hannu.
Muka ɗaura ƙofar, muka ja da baya.
Gabana ya faɗi.
Motar ta sha rana shekara talatin da ɗoriya,
ta koɗe kamar rigar aiki,
shi kuwa na gwangwani duhu ya ɓoye shi, bai san an tsufa ba.
Ƙofa ɗaya tana ƙuruciya, saura duk furfura.

Na ce, "Bari in kashe shi da ɗan fari."
Bai amsa ba.
Ya ajiye ƙoƙon a ƙasa,
ya shafa ƙofar da bayan yatsunsa, ya daɗe.
Ya ce, "Ashe haka take. Na manta.
Bar ta."

Abin da ya rage bai fi yatsa biyu ba.
Na buga murfin da guduma, na kifa gwangwanin,
na rubuta ƙarƙashin rubutun Baba
sunan kwalaben biyu, uku da ɗaya, sha takwas.
Na ƙara da cewa:
Su ma za a daina yin su.
Gwada a murfi tukuna.