Kujera ta Goma Sha Bakwai

Ran Laraba nakan rufe rumfar faci tun azahar,
in wanke baƙin mai har ƙarƙashin farce,
in sa rigar nan ruwan ƙwai da Hinda ta goge,
in hau kabu-kabu daga Bagalam.
Dala arba'in, ba ragi.

A ƙofar gidan tele Tsahara mai takarda tana ƙirga kawuna
kamar dillalin awaki ran kasuwa:
"Mai farar riga, koma baya, kana kashe hoto.
Hajiya, a tofar da cingam.
Tsoho, nan ba a tari."
Tawa kujerar ta goma sha bakwai ce,
ta roba, an ɗaure ƙafarta guda da waya.

Mun san juna, mu ƴan zaman kallo.
Ga Mushe Illo da ya aje alli bara,
shi sanyin na'ura ke kawo shi, da bakinsa ya faɗa mini:
ɗakinsa kwano ne, bazara kuwa ba ta da imani.
Ga ƴan mata uku na unguwar Zariya, lalle har gwiwar hannu.
Ga Bizo, wata bakwai yana yawo da tambaya a aljihu
kan famfon unguwarsu da ya ƙafe,
abin magana bai taɓa isowa layinsa ba.

Fitilu su buɗe, zufa ta karyo.
Tsahara ta ɗaga hannu, mu tafa.
Ta sauke, mu yi tsit kamar ruwa ya ci mu.
Mai gabatarwa ya yi barkwancin surukai, muka dara.
Wuta ta ɗauke.
Aka ta da inji, ya maimaita, muka dara.
Harshensa ya yi tuntuɓe, ya sake,
muka ba shi ta uku,
ɗumamen dariya, ba ko man shanu.

Sau ɗaya tak na yi ta gaske.
Baƙon ranar, wani babba, ya zo bayanin tsadar hatsi,
sai tsaka ta faɗo daga rufi bisa hularsa.
Ya zabura, babbar riga ta tafi da kujera.
Na yi dariya har hawaye,
har wayar da ke riƙe da ni ta tsinke.
Aka ce a yanke, a koma farko.

Daren Asabar muka taru teburin Nomau mai shayi.
Inna ma ta fito da tabarmarta,
daga Jiratawa ta zo jinyar ido.
Ba tsaka, ba zabura.
Babban ya gyara zama ya ce tiyar gero ta haura jaka,
"bana mai ƙaramin ciki shi ya ci riba."
Na rantse ranar ba wanda ya ko motsa leɓe.
Amma ga fuskata ta cika gilashi,
baki buɗe, giɓi waje,
ina share hawaye da hannun riga ruwan ƙwai.

Nomau ya ci gaba da zuba shayi daga sama,
bai dube ni ba.
Hinda, da ta auna mana rabin tiya da safe,
ta ja mayafi.
Inna ba ta ganin gilashin, kunne ta kasa.
"Wannan Mantau ne," in ji ta.
"Haka ubansa ke yi, kamar ana tuƙa tuwo a babbar tukunya.
Me aka ce mai daɗi haka?"
Babu wanda ya gaya mata.

Laraba ta kewayo, na wanke hannu, na je.
Tsahara ta tarbe ni da fara'a:
"Mai dariya! Yau layin gaba, kusa da baƙo."
Na karɓi lambar, na juya ta a tafin hannu.
Bizo na can baya yana shafa aljihu.
Na miƙa masa, na ce tashi, kafin ta waiwayo.
Na koma ta goma sha bakwai.
An sake mata waya, sabuwa, ja.