Zare Na Biyu

A Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa,
shagon hoton Alhaji Jatau, ƙofa ɗaya da fanka.
Shekara talatin da ɗaya yana ɗauka:
suna, walima, fasfo,
'yan ƙwallon unguwa riƙe da kofin roba.
Duk ya tura su cikin kwamfuta,
folda cikin folda cikin folda,
wata "Sabo", wata "Sabo na gaske", wata "Kar a goge".

Ni na rubuta masa manhajar nema.
Na karɓi kafin alƙalami, har na ci rabi.

Ranar gwaji Inna Kaltume ta zo daga Barnawa,
hoton mijinta take so,
na ranar da ya sa kakin jirgin ƙasa.
Na danna "Nema".
Allo ya yi fari fat, kamar an watsa masa koko.
Kibiya ta zama zobe, tana juyi, tana juyi.
Alhaji ya danna, ya ƙara dannawa da ƙarfi.
"Ta mutu ne?"
"Aiki take, ranka ya daɗe."
"Mai aiki ba ya amsa sallama?"
Inna ta gyara mayafi, ta ce za ta dawo Laraba.

Da dare, a kan tabarma, na kwance wa Baba damuwata,
shi da ya ba injin saƙa shekara ashirin da kunnensa na hagu.
"Zare nawa ka ɗaura mata?"
"Ɗaya."
Ya yi dariya har da tari.
"Yaro, zare ɗaya ba ya zama zane.
Na tsaye ya tsaya yana fuskantar mutane,
ƙoshiya ta yi ta kai-kawo da ɗan'uwansa."

Aka ɗauke wuta. Batir ya ce min awa biyu.
Na ware zare na biyu, na aike shi cikin foldodi,
na bar na farko a bakin taga,
ba shi da aiki sai amsa wa mai danna.

Ba a nan ta ƙare ba.
Ɗan aiken nawa ya riƙa dawowa da suna ɗaya-ɗaya,
kamar yaron da aka tura cefane
yana kawo tumatir guda, ya koma, ya kawo guda.
Taga ta sake shaƙewa.
Na ce masa: tara ɗari biyu, sannan ka ƙwanƙwasa.
Kuma allo ba naka ba ne,
ajiye saƙo a bakin ƙofa, mai ɗakin zai ɗauka.
Wata folda kuma tana nuna kanta da kanta,
ya shiga, ya fita, ya shiga, har kiran assalatu.
Na ba shi alli: inda ka taka, yi alama.
Na ƙarshe, wata 'yar tuta:
kafin kowace ƙofa ka waiwayo,
in ka gan ta a ɗage, ajiye komai.

Laraba, ana yayyafi.
Na danna.
Lamba ta fara hawa, dubu, dubu biyu da ɗari huɗu,
fuskoki na zubowa layi-layi.
Alhaji ya ja tagar hagu, ya ja ta dama,
don kawai ya ga tana binsa.
Amare, jarirai, wani ɗan sanda da gashin baki...

"Tsaya!" in ji Inna.

Ta tsaya.

Hularsa a karkace, aljihu da biro biyu,
yana dariyar da bai gama ba.
Inna ta kai yatsa kusa da allo, ba ta taɓa ba.
Saura folda dubu tara a ciki, suna jira.
Babu wanda ya ce a ci gaba.