Tsakanin Duwatsu Biyu

Wannan yatsan da ya karkace,
na kusa da ƙarami, a hannun hagu,
miƙe yake sarai ranar da muka tafi Maraɗi.
Haka ya dawo Damagaram,
yana nuna inda ban nufa ba.

Ragata ta fari ba raga ba ce.
Duwatsu biyu ne a bayan Birni,
irin waɗanda Allah ya jibge mana
kamar buhunan geron da mai su bai dawo ba.
Yara maza suka ce, Cima, tsaya nan,
ba don sun hango wani abu a tare da ni ba,
sai don babu mai son tsayawa.
Ƙwallon tsumma ta taho,
na rungume ta kamar tulu
ranar da famfo ya tuna da unguwarmu.
Wanda ya tashi a garin nan
ba a koya masa riƙon abu kada ya zube.

Babana baduku ne.
Ko sau ɗaya bai taka fili ba.
Amma da safar hannuna ta yage a tafi,
da asuba na iske ta kan tabarma
da facin jar fatar akuya,
ɗinki ƙanana, irin wanda yake yi wa kube mai tsada.
Bai ce ba. Ban ce ba.

Mushe Sanda, mai usur ɗin da ya tsage,
shi ya ce mini: kada ki kalli ƙafa.
Ƙafa maƙaryaciya ce.
Dubi ƙugu, shi bai iya ƙarya ba.

Sai Yamai.
Mota ta kwashe mu tun kafin kiran salla,
Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso,
gwiwa a maƙale da kujerar gaba,
alkakin da inna ta ƙulle mini ya ƙare tun a Tasawa.
Mu shida a ɗaki, fanka ɗaya.
Albashi jika talatin, in ya ga dama ya zo.
Shekara goma sha ɗaya
ina sanye da riga dabam da ta kowa,
ina kallon bayan ƙawayena.
In sun ci, can nesa suke murna,
ni in tafa ni kaɗai, sautin safa a kan safa.

Bugun daga kai sai mai tsaron gida
goma sha huɗu na tare. Na ƙirga.
Ba wanda ya ƙirga tare da ni.
Amma guda ɗaya, mai sanyi, marar ƙarfi,
wadda ko kaza ba za ta kora ba,
ta bi tsakanin ƙafafuna ana saura minti biyu.
Har gobe mai tsiren bakin kasuwar Dole
in ya gan ni sai ya ware ƙafafu yana dariya,
sannan ya ƙara mini yanka biyu.

Yanzu gwiwa ce ke gaya mini hadari ya haɗo.
Da la'asar nakan koma bayan Birni.
An rubuta lambar wayar mai gyaran firji a dutse ɗaya,
ɗayan yana nan yadda na bar shi.
Ƴan mata tara ke zuwa, wani lokaci biyar.
Akwai wata, Sahura, siririya kamar karan dawa,
tana runtse ido in ƙwallo ta taho.
Ban yi mata faɗa ba.
Jiya na nuna mata yatsan,
ta juya shi, ta dube shi da kyau,
ta ce, da zafi?
Na ce, ƙwarai.
Ta ce, amma ta shiga?

Na ce, a'a.

Ta koma tsakanin duwatsun,
ta tofa yawu a tafi.